PASTIS: GIYAR DA KE ZUWA DA KAMANNIN MADARA

  

A wannan mako mun jingine bayanin da muka faro a kan zakkar kayan ciniki, saboda wata takarda da ta iso mana daga wani ɗan'uwa ɗan kasuwa, mutumin Liba ta ƙasar Maiyama a Jihar Kebbi. Ya roƙi mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Sana'arsa ita ce sayen albasa a Aliero da Jega, ya loda a babbar mota ya kai Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Ga abin da ya rubuto, mun taƙaita shi:

"Allah ya gafarta Malam, ina da abokin ciniki a can wanda ba Musulmi ba ne, mun daɗe tare, bai taɓa cin kwabona ba. Da muka gama lissafi sai ya ja ni gidansa cin abincin rana. Kafin a kawo abinci ya ɗauko wata kwalba, ya tsiyaya mini ɗan kaɗan a gindin tambulan, abu mai launin shayi marar kauri. Da ya zuba ruwan sanyi a kai, nan take sai ya koma fari kamar madara, yana ƙamshin kayan yaji. Na tambaya mene ne, aka ce mini pastis ne, na buɗe ciki ne kafin a ci abinci. Na sha rabi, sai na ji ƙirjina ya ɗauki zafi, kaina ya yi sakayau, na ajiye. Tun ran nan ban sami natsuwa ba. Shin mene ne wannan abu? Shin gaskiya ne ba za a karɓi sallata ba har kwana arba'in? Sa'an nan mutumin ya nemi in riƙa ɗauko masa kwalaye na wannan kwalba in sauke a wani otal da ke kan hanyata, tun da mota takan dawo wayam, zai biya kuɗin dako mai tsoka. Mene ne hukunci?"

To, Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka yi tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Mun ga ya kamata mu amsa a fili, domin ba kai kaɗai abin ya shafa ba. Mutanen Jega fatake ne tun zamanin safarar goron Gwanja, yau kuma 'ya'yansu da maƙwabtansu suna bi ta Kamba su shiga Gaya da Doso da Yamai, wasu su nausa Kwatano da Lome da Abijan, duk ƙasashen da Faransa ta mulka. Haka nan ma'aikatan Gwamnati sukan je taro a waɗannan birane, a sauke su a manyan otal-otal, a shirya musu liyafa. Mun sani 'yan'uwanmu na Nijar mafi yawansu Musulmi ne, ba ruwansu da wannan abu. Amma kwalbar tana nan a otal-otal da mashaya da gidajen waɗanda suka ɗauki al'adar Faransawa, kuma baƙon da bai san ta ba yana iya faɗawa kamar yadda ka faɗa.

MENE NE PASTIS?

Amsa a taƙaice ita ce, giya ce, kuma cikin masu ƙarfi, irin wadda Hausawa ke kira barasa. Yadda ake yin ta shi ne, a sami barasa tsantsa wadda aka tato daga amfanin gona, a sa mata man wani tsiro mai ƙamshi da Larabawa ke kira yansun, Faransawa kuma anis, galibi ma na wani ɗan itace mai siffar tauraro da ake kawowa daga ƙasar Sin da Biyetnam, wanda ƙamshinsu ɗaya. Sa'an nan a ƙara saiwar nan mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙus-sus, da ɗan sukari. Kalmar pastis kuwa daga harshen mutanen kudancin Faransa take, ma'anarta haɗe-haɗe. Sanannun sunayenta a kasuwa su ne Ricard da Pastis 51. Idan ka duba takardar da ke manne a jikin kwalbar za ka ga an rubuta 45%, watau kashi 45 cikin ɗari na abin da ke ciki sinadarin maye ne zalla. Giyar kwalba da aka saba gani a mashaya kashi 5 ne ko kusa da haka. Ke nan pastis ta ninka ta wajen sau tara.

Tarihinta ma abin lura ne. Kafin ita Faransawa suna da wata barasa koriya mai irin wannan ƙamshi, sunanta absinthe. Sojojinsu da suka yaƙi Aljeriya a shekarun 1840 an riƙa ba su ita a kan wai tana kare su daga zazzaɓi, da suka koma gida suka koma da ɗabi'ar shanta, har ta game ƙasar. Ɓarnar da aka jingina mata ta kai Gwamnatin Faransa da kanta ta haramta ta a shekarar 1915. Amma mashaya sun riga sun saba da ƙamshin, sai masu sana'a suka shiga neman abin da zai maye gurbinta. A shekarar 1932 wani saurayi mutumin birnin Marsai mai suna Paul Ricard ya fito da tasa, ya sa mata sunansa. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka sake hanawa, ba a sake ta sosai ba sai 1951, kuma daga wannan shekara ce Pastis 51 ta samo sunanta. A 1975 kamfanin Ricard da na Pernod suka haɗe, yau suna cikin manyan masu sayar da barasa a duniya.

Mu ma nan tarihin ya taɓa mu. Tun zamanin Gwamna Lugga Turawan Ingila suka sa Nijeriya ta Arewa cikin yankunan da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar da ake shigowa da ita daga Turai. Daɗin daɗawa, a shekarar 1919 manyan ƙasashe, har da Ingila da Faransa, suka sa hannu a wata yarjejeniya a garin San Jarman kusa da Faris a kan cinikin barasa a Afirka, suka lissafa abubuwan da suka ce suna cutar da lafiya idan an haɗa su cikin barasa, suka hana shigowa da su, kuma a cikin lissafin har da absinthe da wannan ɗan itace mai siffar tauraro. Muna kawo wannan ne domin mai karatu ya ga cewa su kansu masu abin sun daɗe suna kai da komo a kansa, yau a hana gobe a saki, gwargwadon yadda siyasa da haraji suka juya. Hukuncin Shari'a kuwa tun da ya sauka bai motsa ba.

ABUBUWA HUƊU DA KE RUƊIN BAƘO

Mun lura abubuwa huɗu ne suka taru suka ruɗi mai tambaya, kuma su ne za su ruɗi waninsa.

Na farko shi ne launi. Bahaushe ya saba da cewa farin abin sha nono ne, ko madara, ko kunun gyaɗa, ko kunun aya, duk abubuwan albarka. To, ga sirrin wannan fari. Man yansun yana narkewa cikin barasa mai ƙarfi, ba ya narkewa cikin ruwa. Muddin yana cikin kwalba barasar tana riƙe da shi, shi ya sa ake ganin abin garau. Da zarar an zuba ruwa sai ƙarfin barasar ya ragu, ta kasa riƙe man, sai ya fito ya watsu ƙananan ɗigo-ɗigo waɗanda ido ba ya rarrabewa, su ne ake gani fari. Ashe farin nan da ya kwantar maka da hankali, Alhaji, shi ne ya kamata ya tayar maka da shi. Kama da wane ba ta wane. Kuma ba Faransawa kaɗai ke da irin wannan ba: a Labanan da Siriya akwai araƙ, a Turkiyya akwai raki wadda masu shanta ke yi wa kirari da nonon zaki, a Girka akwai uzo. Duka suna yin fari idan an sa ruwa, duka barasa ne. Kada sunan Larabci ya ruɗi kowa. Araƙ a Larabci zufa ce, an kira ta haka ne saboda yadda take ɗiga lokacin da ake tato ta daga tururi.

Na biyu shi ne ƙamshi. Wanda ya san giya da warin burukutu ko na giyar kwalba ba zai gane wannan ba, domin ƙamshin yansun da zaƙin saiwa sun rufe warin barasa. Wannan ne ma ya sa ta fi haɗari ga wanda bai taɓa sha ba, gama abu mai ɗaci da wari shi da kansa yake korar baƙo, mai daɗin baki kuwa jan sa yake yi.

Na uku shi ne suna. An ce masa na buɗe ciki ne. Wannan fassarar kalmar apéritif ce, asalinta daga Latin, ma'anarta abin da ke buɗewa. Al'ada ce a Faransa, musamman a kudu, a zauna kafin cin abincin rana ko na dare a sha ɗan wani abu ana taɗi. Bahaushe idan ya ji an ce buɗe ciki sai zuciyarsa ta tafi wajen magani, irin su jiƙo da tsimi da sauran abin da ake sha don gyaran ciki. Mai masaukin bai yi ƙarya ba, sunan abin ke nan a wurinsu, sai dai sunan yana faɗin lokacin da ake shan abin ne, bai faɗi abin da ke cikinsa ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya ba da labari, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, cewa za a sami wasu daga al'ummarsa masu shan giya suna kiranta da wani suna dabam. Game da magani kuwa, Muslim ya ruwaito cewa wani sahabi, Ɗariƙu ɗan Suwaidu, ya nemi izinin yin giya don magani, aka hana shi, aka sanar da shi cewa ita kanta cuta ce. Likitocin zamani ma sun tabbatar cewa barasar da aka sha da wofin ciki ta fi saurin shiga jini, kuma tun 1988 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa giya cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan ciwo.

Na huɗu shi ne ruwa. Wani zai ce, ai ɗan kaɗan ne a gindin kofi, sauran duk ruwa ne. To, mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Yadda suka saba haɗawa shi ne awo ɗaya na pastis, awo biyar na ruwa, watau awo shida ke nan. Raba 45 gida shida, za ka sami bakwai da rabi. Ke nan bayan an gama zuba ruwan, abin da ke cikin tambulan yana da kashi bakwai da rabi cikin ɗari, har yanzu ya fi giyar kwalba ƙarfi. Kuma ruwa bai rage ko ɗigo ɗaya na barasar da aka tsiyaya ba, shimfiɗa ta kawai ya yi. Abin da bai cika babban cokali biyu ba na pastis yana ɗauke da maye kusan daidai da rubu'in lita na giyar kwalba.

HUKUNCIN SHARI'A

Sanannen abu ne cewa haramcin giya ya sauka ne daki-daki, daga aya ta 219 a Suratul Baƙara, zuwa aya ta 43 a Suratun Nisa'i, har aka rufe ƙofa da aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida, inda aka yi umurni da a nisance ta gaba ɗaya. Wani mai neman kafa zai ce, ai giyar da Larabawa suka sani ta inabi ce. Wannan ba daidai ba ne. Ranar da haramcin ya sauka mafi yawan giyar mutanen Madina ta dabino ce, kuma ita suka kwarara a hanyoyi ba tare da sun tsaya tambaya ba. Sayyidina Umaru kuma ya hau mumbari ya lissafa abubuwan da ake yin giya da su a zamaninsa, sa'an nan ya ba da ma'auni mai game komai, cewa abin da ake dubawa shi ne rufe hankali. Asalin kalmar khamru ke nan a Larabci, daga ita aka samo khimari, watau mayafin da mace ke lulluɓa da shi.

A kan wannan ne Imamu Malik da Shafi'i da Ahmad suka tafi, cewa duk abin sha mai sa maye giya ne, ko da me aka yi shi, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Saɓanin da aka naƙalto daga Imamu Abu Hanifa game da wasu nau'o'in tsimi bai buɗe wa kowa ƙofa ba, domin fatawa a mazhabarsa ta tabbata a kan maganar almajirinsa Muhammadu ɗan Hasan, wadda ta dace da ta sauran malamai. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa haddin mai shan giya bulala tamanin ne, ko ya bugu ko bai bugu ba.

Kada kuma a haɗa wannan da mas'alar giyar da ta rikiɗe ta zama khalli, watau ruwan tsami. Can ainihin abin ne ya sauya, mayen ya tafi, shi ya sa malamai suka ce ta tsarkaka. Nan kuwa babu abin da ya sauya sai launi.

Sai dai mu yi adalci ga tsiron da Allah ya halitta. Yansun halal ne, haka saiwar irƙus-sus. Wanda ya zauna Masar ya san ana dafa yansun kamar shayi a sha don tari da kumburin ciki, ana kuma jiƙa irƙus-sus a sha da buɗa-baki a watan azumi. Laifin yana ga barasar da aka zuba su a ciki. Akwai ma abin sha mai wannan ƙamshi da ake sayarwa an rubuta masa sans alcool, watau babu barasa. Idan ya tabbata babu mai sa maye a ciki, to shi a kan kansa ba haramun ba ne. Amma ba mu ba Musulmi shawarar ya riƙe shi a tsakiyar mashaya ba, domin wanda ya hango shi ba zai bambance ba, kuma malamai, cikinsu har da Imamu Gazali, sun hana kwaikwayon zaman mashaya ko da abin da ke cikin kofin halal ne.

AMSAR TAMBAYA TA BIYU

Ka kwantar da hankalinka, Alhaji. Hadisin da ka ji na kwana arba'in yana nan a littattafan Sunan, amma yana magana ne a kan wanda ya sha da gangan yana sane. Shi ɗin ma malamai sun ce ladan ne yake rasawa, sallar ba ta faɗi daga kansa ba, wajibi ne ya ci gaba da yi, kuma idan ya tuba Allah mai karɓar tuba ne. Kai kuwa ba ka sani ba, ka tambaya aka ba ka amsar da ba ta wayar da kai ba, da ka ji alama kuma ka ajiye. Aya ta 5 a Suratul Ahzabi ta nuna cewa ana kama bawa ne da abin da zuciyarsa ta yi nufi, ban da abin da ya yi bisa kuskure. Saboda haka babu zunubin mashayi a kanka, babu haddi, babu ramuwar sallar kwana arba'in.

Abin da ya rage shi ne tsarki. A mashhurin mazhabarmu giya najasa ce, sai a wanke baki da duk inda ta taɓa a jiki ko tufa. Wanda ya yi salla da najasa bai sani ba, an so ya sake ta muddin lokacinta bai fita ba, idan ya fita babu komai a kansa. Naka lokacin ya daɗe da wucewa. Ka yawaita istigfari kamar yadda kowane Musulmi ke yi, kada ka bar Shaiɗan ya mai da wannan abu waswasi. Damuwar da ka shiga ma alama ce ta imani. Amma fa ka sani uzurin rashin sani sau ɗaya yake amfani, yau ka sani.

AMSAR TAMBAYA TA UKU

Wannan ita ce mai nauyi, domin a nan ne kuɗi suka shigo. Mun san halin da mai mota ke ciki: man fetur da gas sun yi tsada, ga kuɗin hanya, ga albasa mai saurin lalacewa, dawowa wayam kuwa hasara ce. Duk da haka amsa ita ce bai halatta ba. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas cewa an la'anci mutum goma a kan giya, kuma a cikinsu akwai mai ɗaukarta, da wanda aka ɗauko wa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Ba a keɓe wanda ya ɗauka a ka daga wanda ya ɗauka a mota ba. Malaman mazhabarmu sun ce jinga a kan dakon giya ɓatacciya ce, ko da mai kayan ba Musulmi ba ne, kuma ladan da aka biya ba ya halatta ga ɗan dakon, sai a ba miskinai. Ka tuna kuma ba kai kaɗai za ka shiga ba, za ka jawo direbanka da yaran mota waɗanda ke ci a ƙarƙashinka, su dinga lodi da saukewa. Ban da wannan, Jihar Kebbi tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, mutumin da aka sani da mutunci a kasuwar Jega bai kamata a ji sunansa cikin irin wannan kaya ba. Ka nemi wani lodin na halal ko da ribarsa ba ta kai ba. Wanda ya bar abu don Allah, Allah ba ya barinsa haka nan.

Wannan hukunci ya shafi ma'aikaci wanda aka ba kwalba kyauta a ƙarshen taro, an naɗe ta da takarda mai ƙyalli. Kada ya karɓa. Idan ta riga ta shigo hannunsa bai sani ba, kada ya sayar, kada ya ba wani abokin aiki wanda ba Musulmi ba da sunan kada a yi hasara. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin mutumin da ya kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, salkar giya kyauta bai san an haramta ba. Da aka sanar da shi sai ya yi nufin a sayar, aka gaya masa sayarwar ma haramun ce, sai ya kwance bakin salkar ya tsiyayar. Abin da za a yi da kwalbar ke nan.

YADDA ZA A KIYAYE

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ga abin da muke ba matafiya shawara tun suna gida.

Da farko a gyara tambaya. Wanda ya ce mene ne wannan, suna za a faɗa masa, sunan kuwa ba zai amfane shi ba. A tambaya kai tsaye, akwai alcool a ciki? Kalma ce guda, ana furta ta alkol, kowa ya san ta daga Gaya har Abijan. Abin mamaki ma asalinta Larabci ne, daga alkuhlu, watau kwalli, Turawa suka ara suka juya ma'anarta. Na biyu, a nemi ganin kwalbar. Duk inda aka ga lamba da alamar kashi cikin ɗari, da ƙananan haruffa vol a gefenta, to ma'aunin barasa ne. Na uku, a riƙe waɗannan kalmomi: pastis, anisette, liqueur, apéritif, da digestif wanda ake kawowa bayan an ci abinci. Idan aka ji ɗayansu a tsaya a bincika. Na huɗu, a sanar da mai masauki tun kafin a zauna. Ka ce masa, ni Musulmi ne, ba na shan abin da ke da alkol, ruwa ko lemo ya ishe ni. Mutumin kirki ba zai ji haushi ba. Mun tabbata abokin cinikin mai tambaya karramawa ya nufa bisa al'adarsu, da ya sani da bai kawo ba. Musulunci bai hana ciniki da wanda ba Musulmi ba, bai hana cin halal ɗin abincinsa ba, bai kuma yarda a saka wa mai alheri da wulaƙanci ba. Ka koma wurinsa da sakin fuska, ka bayyana masa dalilinka na ƙin dakon, ku ci gaba da cinikin albasa. Sau da yawa irin wannan ne ke sa a ƙara amincewa da mutum, domin wanda ya ƙi kuɗi saboda addininsa ba a jin tsoron ya ci amana.

Ga ma'aikata kuwa, an ruwaito hani game da zama a teburin da ake zagayawa da giya. Idan mutum yana da iko ya nemi a raba masa wuri, ko ya zo bayan an gama wannan sashe na liyafar. Idan aiki ya tilasta masa tsayawa, to ya tsaya gwargwadon larura, ya riƙe abin da kowa zai gane ruwa ne ko lemo, kada ya miƙa wa wani kofi, kada ya zuba wa wani. Babba kuma ya tuna ƙananan ma'aikata suna kallonsa, abin da suka ga ya yi sassauci a kai shi za su ɗauka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Muna roƙon limamai da masu wa'azi a Liba da Maiyama da Jega da Aliero su faɗakar da masu zuwa waɗannan ƙasashe, musamman samari direbobi da yaran mota, domin su ne suka fi daɗewa a tasha suna jiran lodi. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya tsare mana hankulanmu da dukiyoyinmu daga haram, ya sa albarka a fataucinmu, ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya. Wallahu a'alamu. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu koma kan zakkar kayan ciniki daga inda muka tsaya.